Sake ɗura harsashin ƙaramar bindiga a Amurka: daga ina mai koyo zai faro?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka shekara shida ke nan. Na shiga ƙungiyar masu wasan harbi, duk Asabar ina zuwa fili da ƙaramar bindigata mai cin 9mm, kwanan nan kuma na ƙara da libarba mai cin .38. Kuɗin harsashi ya fara yi mini nauyi. Ina ganin dattawan ƙungiyar suna tsince kwanso bayan harbi, suna cewa a gida suke sake ɗura shi. Shin da gaske akwai sauƙin kuɗi a ciki? Me ya kamata in fara saya? Kuma yaya haɗarinsa yake, tunda ina da ƙananan yara a gida?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka haɗa: batun kuɗi, batun kayan aiki, da batun yara. Akwai ta huɗu da ba ka yi ba, kuma da ita zan fara, domin ita ce take iya jefa baƙo irinmu cikin shari'a alhali bai cuci kowa ba.

Takardun zama kafin kayan aiki

Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi daga wanda yake ɗura harsashi don amfanin kansa. Lasisi yana shigowa ne idan mutum ya mayar da abin sana'a yana sayarwa, a nan dole ya nemi izinin ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi da harsasai. Amma akwai wani wuri da 'yan'uwanmu da yawa ba su lura da shi ba. A wajen dokar tarayya, kalmar harsashi ta haɗa har da kayan haɗinsa: kwanso, albarushi, ƙwayar da ke fita, da ƙyastun da ke tayar da wutar. Dokar kuma ta hana wanda ya shigo ƙasar da bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta ziyara ko ta aiki, ya mallaki bindiga ko harsashi, sai idan ya shiga cikin 'yan keɓance-keɓancen da aka lissafa, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne riƙe lasisin farauta mai aiki daga ɗaya daga cikin jihohin ƙasar. Mai katin zama na dindindin da ɗan ƙasa wannan hanin bai shafe su ba. Ba ka faɗa mini matsayin takardunka ba, saboda haka ka tabbatar da wannan tukuna. Ni ba lauya ba ne, kuma maganar takardun zama ta fi ƙarfin a dogara da zancen abokan fili. Jihohi ma sun bambanta. Ohayo tana cikin masu sassauci, amma idan aiki ya mayar da kai Masachuset ko Ilinoi, za ka tarar da sharuɗɗan da ba ka saba da su ba.

Abu na biyu a nan shi ne gida Nijeriya. Wannan sha'awa ta nan Amurka ce, a nan kuma take tsayawa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makaman gwamnati ko masana'antar sojoji ba, irin ta DICON da ke Kaduna, ta kuma sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun bindigogi. Don haka ko kwanso fanko kada ya bi ka cikin kaya. Ni jakar da nake zuwa fili da ita ba ta taɓa shiga jirgi ba, kuma ba za ta shiga ba. A 2024 an kama wasu Amurkawa masu yawon buɗe ido a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasan da suka manta a aljihun jaka, suka shafe makonni a hannun hukuma suna fuskantar barazanar ɗaurin shekara goma sha biyu.

Me ake sake ɗurawa?

Harsashi guda abu huɗu ne. Kwanson tagulla, wanda shi ne gidan sauran. Ƙyastu, wata 'yar hula da ke gindin kwanso, wadda a nan ake kira firaima, ita ce allurar bindiga take duka ta ba da tartsatsi. Albarushi. Sai ƙwaya. Idan aka harba, uku sun tafi, kwanso ya rage, shi ne kuma ya fi tsada a cikinsu. Aikin mai ɗuri shi ne ya wanke wannan kwanso, ya matse shi ya koma girmansa na asali, ya cire tsohon ƙyastu ya sa sabo, ya zuba albarushi gwargwadon awo, ya dasa ƙwaya, ya ɗaure bakin.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san maharbi da bindigar toka, yana zuba albarushi da awon tafin hannu ko na ɗan ƙoƙo, yana tura tsumma da sanda. Ina roƙonka ka cire wannan hoton daga zuciyarka gaba ɗaya. Wancan baƙin albarushi ne. Na harsashin zamani wani abu ne dabam, marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara samarwa a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na da. Da nauyi ake auna shi, da wani ɗan awo da ake kira giren. Giren 7,000 ne suke yin laba ɗaya, wato gram 454, ka ga giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na gram ba. A harsashin ƙaramar bindiga, ratar da ke tsakanin awon farawa da awon da ba a wucewa takan zama ƙasa da giren ɗaya. Ido ba ya ganin wannan rata, sikeli kaɗai ke ganinta.

Dalilin wannan tsanani shi ne matsi. Ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 take tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta sa iyakar matsin 9mm a psi 35,000, psi kuwa shi ne awon da ake auna iskar taya da shi. Mai faci yana sa wa tayar motarka iska wajen 35. Ninki dubu ke nan, a cikin ɗan ƙarfen da ke tsakanin tafukan hannunka, kusa da fuskarka.

Ba kowane kwanso da ka tsinta ake ɗurawa ba. Na baƙin ƙarfe da na alminiyam a bar su. Na tagulla ma ka haska tocila cikinsa: idan rami ɗaya ka gani a tsakiyar gindin, tsarin Boxer ne, shi ake so. Idan ƙananan ramuka biyu ne a gefe, tsarin Berdan ne, zai karya maka allurar cire ƙyastu. Tsarin Boxer na wani hafsan Ingila ne amma Amurka ta rungume shi, na Berdan kuwa Ba'amurke ne ya ƙirƙiro shi amma a Turai da Rasha ya yaɗu.

Maganar kuɗi

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, a 9mm sauƙin ba shi da yawa. Shi ne harsashin da masana'antu suka fi bugawa, gasa ta karya farashinsa, ta yadda idan ka lissafa ƙyastu da albarushi da ƙwaya, abin da ka tsira da shi a kan kowane guda ɗan kaɗan ne. Kafin 2020 muna sayen ƙyastu dubu a kan dala talatin da 'yan kai. Da annobar korona ta zo, ya ɓace daga kantuna, da ya dawo kuma farashinsa ya ninka biyu zuwa uku, har yau bai koma yadda yake ba. Ga kuma kuɗin dakon kaya masu haɗari da ake ƙara wa duk wanda ya yi odar albarushi ko ƙyastu ta intanet, shi ya sa 'yan ƙungiya sukan haɗa kuɗi su yi oda ɗaya.

A .38 lissafin ya fi kyau, domin na kanti ya fi tsada, libarba kuma ba ta watsar da kwanso, a hannunka yake sauka, kuma yana jure ɗuri sau da yawa kafin bakinsa ya tsage. Masu harba .357 Magnum da .44 da .45 Colt su ne suke ganin riba sosai. Albarushi shi ne mafi arha a cikin lissafin, laba ɗaya tana ɗura harsashin ƙaramar bindiga fiye da dubu.

Sai ka sa kuɗin kayan aiki, wanda zai kai ɗaruruwan daloli ko da ka tsaya a kan masu sauƙi, ka sa lokacinka. Abin da na gani a kaina da sauran 'yan fili shi ne, kuɗin da ake kashewa a wata bai cika raguwa ba, harbin ne yake ƙaruwa. Ribar da ta riƙe ni shekaru ita ce samun harsashin da ya dace da bindigata: mai laushin dukan hannu don atisaye, mai zuwa inda na nufa. Masu gasar harbi ta ƙungiyar USPSA suna da wani dalilin. Ana ninka nauyin ƙwaya da gudunta a raba da dubu, dole sakamakon ya kai 125 a ƙaramin rukuni, saboda haka suna ɗura wanda ya haye wannan layi da kaɗan don bindiga ta rage tsalle. Idan kuɗi kaɗai ne damuwarka kuma 9mm ka fi harbawa, sayen katan-katan lokacin rangwame zai iya fi maka.

Abin da za ka fara saya

Littafi. Kafin inji, kafin komai. Kamfanonin Lyman da Hornady da Speer duk suna buga littattafan ɗuri, kuma kashin farko na kowannensu darasi ne daga tushe. Ka sayi biyu, ka karanta wannan kashin sau biyu, sannan ka riƙa gwada alƙalumansu da na kamfanin da ya yi albarushin, irin su Hodgdon da Alliant da Vihtavuori, waɗanda suke wallafa nasu kyauta. Waɗannan alƙaluma an same su ne da bututun gwaji mai auna matsi. Shi ya sa ba za ka ga na rubuta maka awon albarushi ko ɗaya a nan ba, kuma duk wanda ya ba ka awo da baki a fili, ko ka gani a Facebook ko YouTube, kada ka zuba shi sai ka gan shi a rubuce a littafi, da irin albarushin, da nauyin ƙwayar, da tsawon harsashin, duka sun yi daidai. Sunayen albarushi ma suna ruɗarwa: akwai masu lamba iri ɗaya daga kamfanoni dabam-dabam, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Injin matsawa iri uku ne. Akwai mai aiki ɗaya, kamar Rock Chucker na RCBS, wanda za ka yi wa kwanso hamsin mataki guda, ka canza kai, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa injin don kowane mataki, ka sake bi ta kansu. Akwai mai juyawa, kamar Classic Turret na Lee, wanda kawunan duka suna kansa, kwanso ɗaya yana bin matakai har ya gama. Sai mai tafiya da kansa, irin na Dillon, wanda kowane jan hannu yana aiki a kan kwanso huɗu ko biyar lokaci guda, yana fitar da ɗaruruwa a awa. Dattawan ƙungiyarku wataƙila irin na ukun suke da shi, kuma za su ce maka ka saya sau ɗaya ka huta. Ban yarda da wannan shawara ga mai koyo ba. A kan irin wannan inji abubuwa biyar suna faruwa tare, kai kuma ba ka riga ka san yadda kowanne yake ji a hannu idan ya tafi daidai ba, balle ka gane ranar da ya kauce. Ni mai juyawa nake ba mai ƙaramar bindiga shawara, domin ana iya cire sandar juyawar a yi aiki da shi mataki-mataki a watannin farko, daga baya a mayar da ita.

Bayan inji, kana buƙatar kawunan matsawa na kowane irin harsashi, ka nemi masu zoben kabayid don kada ka sha wahalar shafa wa kwanso mai. Sai sikeli mai kyau tare da duwatsun gwada shi, ma'aunin tsawo mai muƙamuƙi, mazubin albarushi, faranti mai ramuka da ake jera kwanso, gudumar cire ƙwaya don warware kuskure, tabarau na kariya, da fitila mai haske sosai a kan teburin. A sikeli kada ka yi tsumulmula. Idan akwai ajin koyon ɗuri na ƙungiyar masu bindiga ta NRA kusa da kai, ko wani dattijo mai natsuwa da zai zauna da kai yini guda, wannan ya fi kowane ƙarin kaya amfani.

Da wanne za ka fara, .38 ko 9mm?

Kowanne da tarkonsa, kuma sanin tarkon shi ne rabin aikin.

An fitar da .38 Special a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin ana amfani da baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa dogo ne. Albarushin zamani ɗan kaɗan yake buƙata, yana kwanciya can ƙasa, har ma awo biyu suna shiga ba tare da ya cika ba. Iyakar matsinsa kuwa psi 17,000 ne kacal. Zuba awo biyu a kwanso ɗaya shi ne kuskuren da yake fasa libarba, ya tsinke ƙarfen samanta, ya tafi da yatsu ko ido. Maganinsa a hannunka yake: ka zaɓi albarushi mai cika wuri daga cikin waɗanda littafi ya lissafa, ka jera kwansunan da ka zuba wa a faranti, ka haska fitila ka bi su layi-layi da ido kafin ka dasa ƙwaya ko ɗaya. Wanda ya fi sauran cika ko ya gaza su zai nuna kansa.

Shi 9mm, wanda Georg Luger ya tsara a farkon ƙarni na 20, matsalarsa akasin haka ce. Kwanson gajere ne, wurin da ya rage a ciki kaɗan ne, saboda haka idan ƙwaya ta nutse fiye da yadda littafi ya ce, ko ta koma ciki lokacin da bindiga take tura ta mazauninta, matsi yana hawa da sauri. Dole ka auna tsawon harsashi, ka danna kan ƙwayar a jikin tebur ka sake aunawa don ka ga ko ta motsa. Ɗaurin bakinsa ma dabam ne da na libarba: na libarba ana lanƙwasa bakin ya kama ƙwaya, na 9mm kuwa ana mayar da bakin ne kawai ya miƙe, domin da bakin kwanso harsashin yake tsayawa a mazauninsa. Ka cire bututun bindigarka, ka jefa harsashin da ka gama a ciki. Ya faɗa da kansa, ya fito da kansa idan ka kifa. Ka kuma kula da kwanson .380 da yake cakuɗuwa da na 9mm idan an tsinto daga ƙasa, sun yi kama ƙwarai.

Ni da .38 nake fara koya wa mutum, saboda kwanson ya fi sauƙin riƙewa, matsinsa ƙasa ne, kuma libarba ba ta damu da ko harsashin yana da ƙarfin tura ƙarfen sama baya, kamar yadda fistol take buƙata, ba. Amma da sharaɗin duban fitilar nan, ba ranar da za a tsallake shi.

Kuskure na biyu shi ne kwanso marar albarushi. Ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta biyu. Ina tsakiyar zubi aka kira ni a waya daga gida, na amsa ina ci gaba da aiki. A fili na ja kunama na ji ƙara 'yar ƙarama, ba dukan hannu. Ƙyastu kaɗai ne ya tashi, ya tura ƙwaya ta maƙale a tsakiyar bututu. Allah ya sa wanda ya koya mini ya sha nanata cewa duk ƙarar da ta bambanta a tsaya, na tsaya, muka fitar da ita da sandar tagulla. Da na sake harbi a bayanta, da bututun ya kumbura ko ya fashe. Na koma gida na warware sauran harsasan wannan zubin gaba ɗaya. Tun ranar waya ba ta shiga ɗakin, gwangwanin albarushi ɗaya tak yake hawa tebur, kuma idan aka katse ni, kwanson da ke hannuna juye shi nake yi in sake daga farko. Kowane akwati ina liƙa masa takarda da kwanan wata da duk abin da ke ciki. Daga awon farawa na littafi ake tashi, a ɗura goma, a je a gwada, sannan a matsa kaɗan idan da buƙata. Ka kuma sani yawancin masu ƙera bindiga, har da Glock, suna rubuta cewa garantinsu bai shafi harsashin ɗurin gida ba.

Yaran gida

Mutane suna jin tsoron gobara, amma abin da ya fi damuna game da yaranka shi ne dalma. Yawancin ƙyastu ana yin sa da sinadarin dalma, ƙurarsa tana zama a cikin kwanson da aka harba, tana tashi idan ana wanke shi a injin girgiza mai busasshen gari. Mu ba baƙin wannan masifa ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su inda yara suke rarrafe. Ƙura ce ta yi wannan aikin, kuma jikin yaro yana shan dalma fiye da na babba, tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama da wuri ba. Don haka wankin kwanso a gareji ko waje, da ruwa ya fi, ruwan kuma kada a zubar inda ake wanke kwanuka. Ba ci ba sha a teburin. Ka wanke hannu da sabulu, ka canza riga kafin ka ɗauki yaro, takalmin fili ya tsaya a ƙofa. Yara da mai juna biyu ba su da aikin tsince ko ware kwanso. Ka gaya wa likitanka abin da kake yi don ya riƙa auna dalmar jininka, na yaran ma a duba.

Ajiya kuma, albarushi ya zauna cikin gwangwaninsa na asali, wuri mai sanyi marar laima, nesa da tukunyar ɗumama ruwa. Kada ka kulle shi cikin akwatin ƙarfe mai ƙarfi, domin albarushin zamani a sarari ci yake da wuta, a matse kuwa fashewa yake. Ƙa'idar kashe gobara da jihohi da yawa suke bi ta yarda da laba 20 a gida, zuwa 50 idan cikin akwatin katako mai kaurin inci ɗaya ne, da ƙyastu har 10,000. Kai ba za ka kusanci wannan ba a farko. Ƙyastu ya zauna cikin fakitinsa, dabam da albarushi, kada a juye shi a kwalba, saboda idan ɗaya ya tashi sauran suna bi. Ɗakin ya kasance da makulli, makullin a jikinka. Idan gidan haya kake, duba yarjejeniyar hayar da takardar inshora kafin ka shigo da komai.

Iyakar abin da na yi da hannuna shi ne .38 da .357 da 9mm da .45, don harbin takarda da faranti. Ban taɓa narka dalma in zuba ƙwaya da kaina ba, kuma da yara a gida ba zan ba ka shawarar ka fara ba, ka sayi ƙwaya mai rufin jan ƙarfe ko mai fenti. Wannan Asabar ɗin, ka fara tara kwansonka na .38 a cikin roba mai murfi, ka yi odar littafin, ka nemi ɗaya daga cikin dattawan nan ya bar ka ka zauna kusa da shi ka ga zubi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka lura ko yana duba cikin kowane kwanso kafin ya dasa ƙwaya. Idan ba ya dubawa, ka nemi wani.